Tayin Gida a Fagge da Sabon Gari: Ina Iyakar Ƙari?

Jama'a, duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo ya ga yadda kasuwa ke cinye gidaje. Kantin Kwari ta cika ta batse, sai attajirai suka shiga sayen gidajen Fagge suna rushewa, suna tayar da benaye na kantuna da ɗakunan ajiya. Haka abin yake a Sabon Gari. Saboda haka da zarar dillali ya furta cewa gidan wane na kasuwa, kafin la'asar masu taya sun yi biyar.

To, a nan ne muke ganin abin da bai dace ba. Mutum ya taya, mai gida ya karkata gare shi, saura sallama kawai, sai wani ya zaga da dare ya ce, "Nawa ya ba ka? Na ƙara." Wannan shi ne ciniki bisa cinikin ɗan'uwa da aka hana. Almajirin da ya karanta Risala ya san hanin bai hau kan farkon ciniki ba, sai bayan su biyun sun karkata ga juna, sun kusa daidaitawa. Watau muddin mai gida na cewa albarka, ƙofa a buɗe take, kowa ya ƙara a fili. Amma in an kai ga tsai da kuɗi da ranar biya, lalle na baya ya janye, ko da buhun kuɗinsa ya fi girma.

Mafi muni shi ne najashi. Dillali ya kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don ya tsorata mai saye na gaskiya, la'adarsa ta hau. Dillalan kirki na nan, ba su muke nufi ba.

A ganina ba yawan kuɗi kaɗai ke cin gida ba. Gidajen nan da yawa na gado ne, magada kuwa sun ƙosa a raba. Wanda ya zo da kuɗi hannu, ya ambaci rana, ya yarda ya ɗaga wa iyali 'yan watanni su nemi wurin komawa, sau da yawa ya kan ka da wanda ya fi shi tayi amma da ajali. Sai dai a lura da kafin alƙalami: in an sharɗanta cewa wanda ya fasa kuɗinsa sun halaka, Imamu Malik bai halatta ba. A rubuta cewa cikin kuɗin gida yake, in ciniki ya warware a mayar.

Kada kuma gaggawa ta hana bincike. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni na hannun Gwamna, sai da yardarsa takardar mallaka ke komawa sunan wani. Rusau na 2023 a filin Idi na Ƙofar Mata ya isa ishara ga mai sa dukiyarsa inda asalin fili ke da magana. A nemi mai unguwa, a ga kowane magaji da ido, har matan da ke gidan aure. In kuwa rabon mutum guda aka saya cikin gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa na da shuf'a, suna iya biyan abin da aka biya su karɓe. Maƙwabci ba ya da wannan haƙƙi a mazhabar Malikiyya.