Ambaliya Ƙaddara Ce, Hana Diyya Aikin Mutum Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin manoman shinkafa daga Auyo har Kirikasamma da Guri a Jihar Jigawa: idan ruwa ya cinye gona, kamfanin inshora kuma ya ce ba zai biya ba, to sai haƙuri, haka Allah ya ƙaddaro. Dattawa na faɗa, shugabannin ƙungiyoyi na maimaitawa, har an wayi gari wanda ya ce zai bi kadin haƙƙinsa ana yi masa kallon mai ƙarancin tawakkali. Maganar nan ta cakuɗa abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Ambaliya ƙaddara ce, babu mai musu. Amma saƙon da ke cewa "ba ka cancanci diyya ba" ɗan Adam ne ya zauna a ofis ya rubuta shi, kuma duk abin da ɗan Adam ya yanke ana iya tambayarsa hujja, ana iya kai shi gaba.

A duba yadda manomi ke shiga inshorar tun farko. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, wanda Babban Bankin Nijeriya ya zuba wa fiye da naira tiriliyan ɗaya, ya sa inshora ta zama sharaɗin karɓar bashi. Manomi ya karɓi iri da buhunan taki da maganin feshi, ya dangwala yatsa, kuɗin inshorar kuma yana cikin jimillar da aka rubuta a kansa. Wato saye ya yi, da kuɗin da zai biya har da ruwa. Amfanin abin da ya saya ɗaya ne: idan gona ta halaka, diyya ta rage masa nauyin bashin. Idan aka hana shi kuwa, ga shinkafa ta tafi, ga bashi na nan cur, a cikinsa har da farashin kariyar da ba ta kare shi ba. Tun 2020 kuma bankuna na da damar bin lambar BVN su cire bashi daga duk wani asusun mai shi. An dakatar da shirin, amma basussukan ba su mutu ba, kuma har gobe ana liƙa wa bashin noma inshora.

Dalilan da akan bayar wajen ƙin biya sanannu ne, kuma da yawansu ba sa jure tambaya ta biyu. Wani a ce masa gonarsa tana inda ruwa ya saba ci. To wa ya jahilci haka? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, an ga ambaliya a 2012 da 2018 da 2020 da 2022. Kamfanin da ya karɓi kuɗi a kan gonar fadama ya san abin da ya ɗauka, bai kamata ya tuna da taswira sai ranar biya ba. Wani kuma a ce masa bai sanar a kan lokaci ba. A tuna inda mutumin yake a kwanakin da ake ƙirga masa: yana bisa jinga cikin dare yana jera buhunan yashi, ruwa ya yanke hanya, iyalinsa na kwance a ajin firamare, waya babu caji. Wa'adin kuma yana cikin takardar Turanci da ba a karanta masa ba, wani lokacin ma ba a ba shi kwafinta ba. Sharaɗin da ba a sanar da mutum ba rauni ne a hujjar mai sayarwa, bai kamata a mayar da shi laifin mai saye ba.

An yi irin wannan a Birtaniya, da inshorar da bankuna suka riƙa liƙawa a katin bashi da sauran rance, wadda aka ce za ta ɗauki nauyin biya idan mutum ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki. An sayar da miliyoyinta, har ga masu sana'ar kansu da 'yan fansho, waɗanda sharuɗɗan suka riga suka fitar daga cancanta. Mutane suka ƙi yin shiru, suka yi ta kai ƙorafi. Bankunan suka garzaya kotu, suka sha kaye a 2011. A 2014 kotun ƙolin ƙasar ta samu cewa kusan kashi 72 cikin ɗari na kuɗin da wata mata ta biya kamasho ne da aka ɓoye mata. A ƙarshe sai da aka mayar wa jama'a fiye da fam biliyan 38. Ba tausayin bankuna ne ya fito da kuɗin nan ba, yawan ƙorafi a rubuce ne.

Za a ce inshora ita kanta akwai shubuha a cikinta, don haka gara a bar ta. Maganar malamai a kan garari da riba magana ce mai nauyi, ita ce ma ta sa hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, kuma ya dace manoman Jigawa su nemi a ba su wannan zaɓi. Amma wurin wannan muhawara shi ne kafin a cire kuɗi. Bayan an tilasta wa mutum saye, an caje shi, barin kuɗin a hannun kamfani bai tsarkake kowa ba, ya dai ƙara wa mai ƙarfi. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa abin da ya halatta ya karɓa, kada ya yanke wa kansa hukuncin asara.

Za a kuma ce wa zai saurari talakan Kafin Hausa a Abuja? Gaskiya ne hanyar na da jinkiri, kuma ba kowa zai yi nasara ba. Amma tana nan, kuma shigar da ƙorafi ba ya buƙatar lauya. A rubuta wa banki da kamfani a nemi kwafin yarjejeniya da lambarta da dalilin ƙin biya a rubuce, a sa su buga hatimi a kwafin wasiƙar. A haɗa da hoton gona da kwanan wata da shaidar malamin gona da ta mai unguwa. Idan suka yi burus, NAICOM na karɓar ƙara a kan kamfanonin inshora, Babban Banki kuma na da sashen kare masu hulɗa da bankuna. Takarda guda ana iya jefa ta a kwando, ta manoma ɗari uku daga mazaɓa ɗaya kuwa dole a amsa.

Hujja mafi ƙarfi a kan manoma ita ce wasunsu sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, sun sayar da takin, wasu ma ba su da gonar. An yi haka. Akwai kuma inshorar da ke auna amfanin yanki gaba ɗaya, ba gonar mutum ba, wadda a ƙarƙashinta ƙin biya kan iya zama daidai. Amma ta yaya za a bambance mai gaskiya da maƙaryaci idan ba a buɗe fayil ba? Shirun da ake kira haƙuri shi ne ke haɗa su a kwando ɗaya, kuma maƙaryacin ba ya asarar komai.

Nauyin ba na manomi kaɗai ba ne. A tsarin hukumar inshorar noma ta NAIC, wanda ya faro a 1987, gwamnatin tarayya da jihohi ne ke ɗaukar tallafin da kan kai rabin kuɗin inshorar amfanin gona, don haka gwamnatin Jigawa na da hurumin tambayar mutum nawa suka nemi diyya bayan kowace ambaliya, nawa aka biya, nawa aka hana, da wane dalili. Ƙungiyoyi irin su RIFAN ta manoman shinkafa, da suka iya tattara sunaye ranar rabon taki, su iya tattara su ranar neman diyya. Kuma kafin damina mai zuwa, kada wani manomi ya sake dangwala yatsa sai an karanta masa sharuɗɗan da Hausa, an miƙa masa kwafi, an rubuta masa lambar wayar da zai kira ranar da ruwa ya shiga gona.