Me ya sa wasu ke suma wajen ba da jini kafin tiyata?

Kwanakin baya na raka wata 'yar'uwata asibiti a Legas, za a cire mata ƙari a mahaifa. Likita ya ce a tanadi leda biyu ta jini kafin ranar aiki. Ƙaninta, siririn saurayi ɗan shekara 19, ya taso daga Agege tun asuba bai karya ba, ya sha cunkoson motoci, ya zo ya miƙa hannu. An gama ɗiba lafiya, amma yana miƙewa tsaye sai ya yi luuu ya zube. Mahaifiyarsu ta ɗora hannu a ka tana salati, wai an zuƙe wa ɗanta jini.

Ba haka ba ne. Abin da ake ɗiba bai wuce mililita 450 ba, babban mutum kuwa yana ɗauke da kusan lita 5. Abin da ke faruwa shi ne, tsoro ko zafin allura ko ganin jini kan sa wata jijiya ta rage bugun zuciya, hanyoyin jini su saki, sai jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci. Da an kwantar da mutum an ɗaga ƙafafunsa, yawanci nan da nan yake farfaɗowa.

Yaron nan ya haɗa kusan duk abubuwan da ke jawo suman. Ƙuruciya na kan gaba, matasa sun fi manya faɗuwa. Ga rashin jiki: mai ƙaramin jiki jininsa kaɗan ne, leda ɗaya babban kaso ce a gare shi, shi ya sa ba a karɓa daga wanda bai kai kilo 50 ba, kuma mata kan fi maza shiga wannan hali. Ga shi karonsa na farko, ga yunwa da ƙishirwa da rashin barci da zafi. Ga kuma fargaba, wadda samarinmu ba sa yarda su faɗa don kada a ce su ragwaye ne. Ni a ganina wannan jarumtar ba ta da amfani. Gaya wa nas kana jin tsoro, ta san yadda za ta kwantar da kai.

Akwai kuma wanda za a yi wa aikin da kansa, a ɗebi nasa jinin makonni kafin tiyata a ajiye masa. Wannan ba lafiyayye ba ne kamar ɗan rakiya. In yana shan maganin hawan jini, ko yana da ciwon zuciya, ko ya taɓa suma, lallai likita ya sani tukuna, domin saukar jini a wurinsa ba wasa ba ce. Ɗiba na ƙarshe kan kasance aƙalla awa 72 kafin aiki, kuma akan ba shi ƙwayoyin ƙarin jini.

In an kira ku ba da jini, ku yi barci sosai, ku ci abinci mai ɗan gishiri, ku sha ruwa kamar leda ɗaya ta fiyawata kafin allura. Lokacin ɗiba a riƙa ɗaure tsokar cinya da ƙafa ana saki. Jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya ko duhun gani, a faɗa nan take.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne suman da ke zuwa bayan an bar asibiti. A zauna minti 15 a sha wani abu, kuma ranar kada a tuƙa babur ko a hau gini. Yaronmu sai da ƙaninsa ya zo da keke napep aka mayar da shi gida, da ƙulu a goshi.