Fiɗiyar Karnuka: Aikin da Ba Ya Ƙarewa a Ɗakin Tiyata

Bahaushe ba baƙo ba ne ga fiɗiya. Tun kaka da kakanni ana dandaƙe bunsuru ya zama taure, ana fiɗiye sa domin ya yi ƙiba ko ya ja garma. Amma da an ambaci kare sai magana ta sauya, wasu su yi dariya, wasu su ce ɓarnar kuɗi ce. A ganina wannan ra'ayi yana jawo mana asarar da ta wuce ta kuɗi.

Karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kuma kan ɗauki kimanin kwana 63. Mai gidan da ya ajiye ta don gadi ba ya bukatar 'yan kwikwiyo shida ko bakwai, don haka sai a kai su bayan gari a zubar. Waɗanda suka rayu su ne ke yawo a juji da mahauta, ba mai su, ba allurar rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Yara ne suka fi shiga hatsari.

Fiɗiya ba maganin wannan ciwo ba ce, kada a ruɗe. Rigakafi ne maganinsa, kuma sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki kafin a karya lagonsa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ta daɗe tana sarrafa allurar. Matsalar ita ce, inda ake ta haihuwar sababbin karnuka, waɗanda aka yi wa allura bana sun zama tsiraru baɗi. A nan fiɗiya ke da amfani. Zuba guba kuwa, wanda hukumomi kan ruga gare shi idan an ciji wani, gurbi kawai yake buɗe wa wasu karnukan.

Mafarauta suna da ƙorafin da ya kamata a saurara: suna tsoron karen zai yi sanyi, ya yi teɓa. Batun ƙiba gaskiya ne, domin bukatarsa ta abinci tana raguwa, sai a rage masa. Amma hancinsa da gudunsa suna nan. Abin da ke raguwa shi ne yawon neman mace da faɗan da ke biyo baya. Ita kuwa karya, cire mata mahaifa da ƙwai yana kare ta daga ruɓewar mahaifa, cutar da kan kashe tsofaffin karnuka mata. Ga manyan karnuka 'yan ƙasar waje, likitoci da dama sun fi son a jira su gama girma saboda lafiyar gaɓoɓinsu.

Inda muka fi gazawa shi ne bayan aikin. Sau da yawa akan ɗauko kare daga asibiti a sake shi a tsakar gida, kamar an dawo da babur daga wajen gyara. Ɗinki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya kama. A wannan lokaci dole a tsare shi a wuri mai tsabta da inuwa, ba wanka, ba tsalle, ba fita farauta. A sa masa abin wuyan roba mai kama da mazurari don kada ya lashi ciwon. Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne ita ce ke warware ɗinki. A duba wurin safe da yamma, musamman da damina, lokacin da ƙuda kan yi ƙwai a ciwo ya zama tsutsa. Kumburin da ke ƙaruwa, ko wari, ko ruwa, ko ƙin cin abinci fiye da kwana ɗaya, duk dalilai ne na komawa wurin likita. Kuma kada tausayi ya sa a ba shi ibuprofen ko paracetamol daga kantin magani. Na farkon yana iya huda masa ciki ya lalata ƙoda.

Shi ya sa nake ganin likitan da ya karɓi kuɗin tiyata bai sauke nauyinsa ba sai ya zaunar da mai kare ya yi masa wannan bayani da Hausa, ya kuma sa masa ranar dawowa cire zare.