Don Allah a daina danna 777 a cPanel

1/ Matasa masu haɗa wa mutane shafin intanet, yau da ku nake. Ɗabi'ar nan ta hoto ya ƙi hawa, sai mutum ya buɗe File Manager ya sa wa folda 777, wallahi ganganci ce.

2/ Lambobin nan uku ba ado ba ne. Ta farko taka ce mai fayil, ta biyu ta rukuninka, ta uku ta kowa da ke kan sabar. Karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a haɗa. Ka ga 7 na nufin duka ukun. 777 kuwa, ka bar shago a buɗe ka tafi gida kenan.

3/ An taɓa kawo min shafin WordPress da ke tura maziyarta gidan caca. Ina leƙa wp-content/uploads, 777 ce, ga fayilolin PHP birjik waɗanda mai shafin bai san da su ba. Kwana biyu ina shara.

4/ Folda 755, fayil 644. Shi wp-config.php da ke riƙe da kalmar sirrin database, ni 600 nake ba shi.

5/ Za ka ce ai da ka sa 777 ya yi aiki. Eh, amma a yawancin cPanel da sunanka PHP ke gudana, 755 ta isa. In ya ƙi, duba ko wurin ajiyarka ya cika, ko ka sa kamfanin hosting su gyara mallakar fayilolin.