RIGAR TAMU, SUNAN NASU

Jama'a, ku matso mu yi lissafi, gama an daɗe ana cin guminmu muna tafi.

Tun 2011 ake yin wani biki a Ikko, watau makon nunin sutura. A ƙawata zaure, a kunna fitilu, samari da 'yammata su riƙa fitowa ɗai-ɗai cikin tufafi ana ɗaukarsu hoto. To, ɗaga kai ka dubi allon da ke bayansu. Shekara da shekaru sunan da aka rubuta a can da manyan baƙaƙe na Heineken ne, kamfanin giya. A 2016 kuma bankin GTBank ya buɗe nasa bikin. Wai su ne masu ɗaukar nauyi.

Nauyin wa? Ba mu ce kyauta ake samun zaure da fitila ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kowane ɗan kasuwa ya san haka. Mai kamfani ba sadaka ya fito yi ba, talla ya saya. Kowane hoto aka ɗauka, riga tana gaba, tambarinsa yana baya, ya zaga duniya cikin wayoyin mutane.

Yanzu ku shiga Soron Ɗinki ku gani da idonku. Mutum ya duƙufa a kan aska takwas wata da watanni, daga shi sai allura da zare, har ido ya dushe, baya ya ƙage. Dillali ya zo ya taya, ya kushe, ya ɗauka. In rigar ta isa irin wancan zaure, sai a liƙa mata sunan wani a wuya. Ba a ambaci wanda ya zana aikin ba, ba a ambaci maɗinki ba, balle marinin Ƙofar Mata ko mabugin da ya fito da ƙyallinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

A 1851 Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, ya rubuta cewa tufafin garin nan suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Shin wane kamfanin giya ne ya ɗauki nauyinsu? A ce “na Kano ne”, shi ke nan an gama talla.

Kada kuma a ruɗe mu da kirari. A 2019 kamfanin Dior na Faransa ya yi nuni a Marrakesh da atamfar Uniwax ta Abijan, aka yi ta guɗa wai an ɗaukaka Afirka. Ashe a lokacin Uniwax ɗin a ƙarƙashin Vlisco yake, kamfanin Holan. Mu kuwa masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe a rufe, Kantin Kwari ya cika maƙil da yadin Sin.

Saboda haka ga abin da muke kira. Maɗinkan Soron Ɗinki su haɗa kai, su yanka wa kowane aiki farashi, kada wani ya karya don yunwar kwana ɗaya. Duk rigar da za ta fita zuwa nuni, a ɗinka mata sunan mai aikin da na unguwarsa daga ciki, a kuma faɗe shi a zauren. Wanda bai yarda ba, ga allura, ga zare, ya zauna ya ɗinka tasa.