Wa Ya Ce Ban Dariya Ba Adabi Ba Ne?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu tsakanin masu nazarin adabi, malamai da ɗalibai, wadda ya kamata a fito fili a yi tir da ita. Ɗabi'ar kuwa ita ce, duk littafin da ya ba mutum dariya sai a ce shirme ne. In kuma ya haɗa da jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi, sai a taɓe baki a ce tatsuniyar yara ce. Ni kam ban yarda ba. Hujjata ita ce Douglas Adams, Baturen Ingila, wanda nake karantawa tun ina makarantar sakandare, har gobe kuma ban ƙoshi ba.

An haifi Adams a 1952, ya rasu a 2001 yana da shekara 49. Mashahurin labarinsa, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, ya fara ne a matsayin wasan kwaikwayo a rediyon BBC a 1978, ya zama littafi a 1979.

Ku dubi yadda labarin ya soma. Wani bawan Allah, Arthur Dent, ya wayi gari da katafila a ƙofar gida, za a rushe gidansa a fitar da hanya. Da ya koka, sai aka ce ai an daɗe da ba da sanarwa, shi ne bai je ofis ya duba ba. Sanarwar kuwa tana kulle cikin kabad a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A ranar nan sai ga wasu halittu, Vogon, sun zo rushe duniya ɗungurungum. Su ma hanya za su fitar, su ma sun ce sanarwa ta shekara 50 a kafe, amma a can wajen wani tauraro da ɗan'adam bai taɓa zuwa ba. To, don Allah, duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ana ce masa ya dawo gobe, zai ce wannan labarin yara ne?

Mu masu taƙama da ilmi ma bai ƙyale mu ba. A labarin an ƙera wata gawurtacciyar kwamfuta, aka nemi ta ba da amsar sirrin rayuwa da duniya baki ɗaya. Ta shekara miliyan 7 da rabi tana tunani, sannan ta ce amsar ita ce 42. Da aka fusata, sai ta nuna musu cewa ainihin tambayar ce ba su sani ba. Kundaye nawa muke cikawa da amsoshi, alhali ba mu tsaya mun tantance tambayar ba?

Wani zai ce ai wannan ba al'adarmu ba ce. Haba! Me Gizo yake yi a tatsuniya in ba tona asirin masu ƙarfi ba? Me 'yan kama suke yi in sun kwaikwayi malamai? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda muke rubuta jarrabawa a kansa, ba keta da barkwancin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ne suka raya shi ba? Tafiya sama ma ba baƙuwa ba ce, domin tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya.

Abin da nake tsoro shi ne, in muka ci gaba da raina ban dariya, matasan marubutanmu za su ɗauka sai an murtuke fuska ake adabi, su cika mana kasuwa da wa'azin da ba mai kai wa ƙarshensa. Hausawa dai sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya da su nemi littattafan Adams su karanta, sa'an nan su ɗauki alƙalami su yi mana namu da Hausa.

Haza wasalam.