Wa ya tuna Raccah Rovers?

1/ Daren jiya a gidan kallon ƙwallo nan Horo Birni na tambayi samari: wace ƙungiyar Arewa ce ta ci kofin lig na Najeriya a 1978? Tsit kake ji. Da na ce wace shekara Arsenal ta ƙare kaka ba a doke ta ba, kowa ya ɗauka: 2004!

2/ Amsar ita ce Raccah Rovers ta Kano. Ta sha gaban Rangers ta Enugu da IICC ta Ibadan, lokacin su ne dodanni. A 1979 ita ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka. Yau babu ita, har sunan ya kusa ɓacewa.

3/ Kano Pillars ɗin da kuke ji ma, a 1990 aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da ita. Mutum nawa cikinmu suka san waɗannan ukun?

4/ To in zakaran ƙasa zai shuɗe haka, ina ga tim ɗin ƙauye? Tambayi baffanka. Garuruwa da yawa tsakanin Bodinga da Shagari sun taɓa yin tim da ake tsoro, ranar wasa har 'yan talla sai sun ƙarar da kaya.

5/ Yadda suke mutuwa iri ɗaya ne. Mutum guda ke sayen riguna da ƙwallo, shi ke biyan kuɗin mota. Ran da ya gaji, shi ke nan. 'Yan wasa su tafi ci-rani, damina ta zo a shuka gero a filin.

6/ Ni dai a ganina, rashin tarihin ya fi mutuwar ciwo. Ba hoto, ba takarda, sai abin da ke kan dattawa. Su kuma kullum raguwa suke.

7/ Wayar da kake musun Messi da Ronaldo da ita, je ka naɗi muryar tsohon golan garinku. In akwai tsohon hoto, ɗauke shi ka ɗora. Tim ɗin da ke raye kuma a yi mata asusu, kowa ya riƙa jefa ɗari-ɗari, kar a bar wa Alhaji shi kaɗai.

8/ Ku rubuto mani sunan tim ɗin garinku da ta mutu, da wanda ya fi kowa ci a cikinta. Zan tattara su wuri ɗaya, in Allah ya so.